Naɗe Ƙasa a Allon Kwamfuta: Amsoshin Tambayoyinku Kan Wasannin Tuƙin Tirela

Tun da muka taɓo zancen wasannin kwamfuta a wannan fili wasiƙu suke ta shigowa daga Jidda da Makka da Madina. Abin da ban yi zato ba shi ne, yawancinsu ba a kan wasan ƙwallo ko na harbe-harbe suke ba, a kan wasan tuƙin tirela suke, wataƙila saboda gidajen Hausawa da yawa a nan Saudiyya sitiyari ne yake ciyar da su. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a unguwar Hindawiyya, Jidda:

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Baffana direban tirela ne, ya daɗe yana ɗaukar kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Jidda zuwa Riyad. Wata rana ya same ni ina buga Euro Truck Simulator 2, na yi lodi a Faransa bayan sallar Magariba, na sauke a Jamus tun ba a kira Isha ba, alhali allo ya nuna tafiyar ta haura kilomita 900. Ya yi dariya ya ce wasan maƙaryata ne, sai dai idan waliyyi ne a kan sitiyarin da ake naɗe masa ƙasa. Ni kuma na ga maleji bai wuce 90 ba. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Amsa:

Ɗana, baffanka ya faɗi amsar da bakinsa, domin naɗe ƙasar ake yi, sai dai ba da karama ba, da lissafi. Kamfanin SCS Software da ke birnin Prague na ƙasar Cek, wanda ya fitar da wannan wasa a watan Oktoba na 2012, ya gina taswirarsa a kan ma'aunin da ya kai kimanin 1:19 a wajen gari. Ma'anar wannan ita ce, duk kilomita 19 na hanyar gaske, kilomita 1 kacal aka shimfiɗa a cikin wasan. Tsibirin Birtaniya ne ya ɗan bambanta, shi an yi shi a kan kimanin 1:15.

Inda mutane suke ruɗewa shi ne, ba komai aka rage ba. Tirelar da kake ciki tana nan da girmanta, wato mita 16.5 daga hanci zuwa ƙarshen bodi, gwargwadon abin da dokar Turai ta yarda wa irin wannan mota. Faɗin titi yana nan yadda yake, haka gada da gidan mai da allon hanya, kuma idan maleji ya nuna 90 to lallai gudun 90 kake yi a kan wannan titi na cikin kwamfuta. Abin da aka yanke shi ne tazarar da ke tsakanin gari da gari. Domin kada lissafi ya wargaje, sai aka ɗaure abubuwa uku da wannan adadi na 19: ƙidayar kilomita, da agogo, da shan mai. Idan taya ta cinye mita 100, wasan zai rubuta maka kilomita 1.9, agogo ya yi tsalle daidai da haka, allurar mai ita ma ta sauka daidai da haka.

Mu auna da hanyar da baffanka ya sani kamar yunwar cikinsa. Daga Jidda zuwa Riyad a babbar hanya mai lamba 40 kimanin kilomita 950 ne. Ka raba da 19, za ka sami kilomita 50. A gudun 90, kilomita 50 minti 33 ne a agogon bangon ɗakinku, amma agogon cikin motar zai nuna awa 10 da rabi, wanda shi ne abin da direban gaske zai kashe idan ya riƙe 90 bai tsaya ko'ina ba. A kan wannan lissafi, yini da dare na awa 24 yakan ƙare a cikin minti 76. Ka san a jadawalin Ummul Ƙura da muke bi a nan, minti 90 ne tsakanin Magariba da Isha idan ba a cikin azumi ba. Ke nan kafin ladan ya sake kira, rana tana iya faɗuwa a wasanka, ta fito, ta sake faɗuwa, har da ragowar minti 14.

Da zarar ka shiga gari kuwa sai ma'aunin ya sauya ya koma kimanin 1:3, agogo ya lafa. Dalilin wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa fama da ribas. Sabon ɗan wasa yakan yi minti 10 yana gaba yana baya kafin bodi ya shiga layin sauke kaya. Da a ce agogo yana gudun 19 a lokacin, da wannan minti 10 ya zama sama da awa 3, mai kaya ya ci shi tarar latti alhali yana cikin harabar kamfani. A gudun 3 kuwa rabin awa ne kawai ya tafi.

Ga kuma inda wahalar masu zana taswirar take, kuma ni a wurina nan ne zancen ya fi daɗi. Tunda mota da titi ba su ragu ba, duk abin da aka gina da cikakken girmansa yana cin filin taswira ninki 19. Tirelarka ita kaɗai, tana tsaye, ta danne abin da ya haura mita 300 na ƙasar Turai. Mahaɗar gadojin sama mai tsawon mita 500, wadda ba za a iya matse ta ba domin dole doguwar mota ta sami inda za ta sha kwana, ta cinye kilomita 9.5. Idan aka jera irinta uku da gidan mai ɗaya da wurin hutun direbobi ɗaya, an gama da hanyar da a zahiri take ɗauke da ƙauyuka goma. Saboda haka mai zanen ba ya iya rage kowane abu kaɗan-kaɗan, dole ya zubar da tara ya riƙe ɗaya. Shi ya sa birnin da ke da miliyoyin mutane yake zama 'yan tituna da rumbunan ajiye kaya da gareji, sai a kafa wani sanannen gini daga nesa domin ka gane inda kake. Da yawa daga duwatsun da kake hangowa a can ƙarshen ido ma babu hanyar da take zuwa gare su, ado ne aka jingina a bayan fage.

Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar taswira. Ka ɗauki taswirar takarda ta Saudiyya mai ma'aunin 1:1,000,000, inda santimita 1 yake wakiltar kilomita 10. Jan layin da aka ja a matsayin hanyar Riyad, idan kaurinsa milimita 1 ne, to a ƙasa ya zama titi mai faɗin kilomita guda. Ba wanda ya taɓa kiran mai wannan taswira maƙaryaci, domin kowa ya san da ya ja layin da kaurinsa na gaskiya da ido bai gan shi ba.

Na taɓa ganin irin gardamarku da idona a gidan wani ɗan'uwana a unguwar Karantina ta Jidda. Yaron gidan ya ɗaure sitiyarin wasa a bakin teburin cin abinci, ya ajiye totur da birki a kan darduma, aka lallaɓi wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙin tanka ya zauna. Kafin ya tayar da mota sai da ya leƙa madubin hagu, ya leƙa na dama, ya nemi a gyara masa na dama. Ya fita daga harabar kamfani da faɗi, ya bar wa bodi wuri, ko gefen kwalta bai taɓa ba, abin da yaron yake yin sati bai iya ba. Amma da suka hau babbar hanya sai na ga idonsa yana komawa kan allurar mai, yana tsaki. Can ya ce a tsaya, tanki yana yoyo. Shi a jikinsa minti 20 ya yi, wasan kuwa ya lissafa masa awa 6 da kusan kilomita 570. Hannunsa ya yarda da motar, cikinsa bai yarda da hanyar ba.

To, wannan ita ce gaskiyar baffanka, kuma kada ka raina ta. Abin da ma'aunin 1:19 ya cire shi ne tsawo, kuma a hanyoyin ƙasar nan tsawon shi ne aikin. Bayan an wuce Ɗa'if an miƙa ta Muwaih da Zalim zuwa Ƙuwai'iyya, babu wata kwana mai wuya da za ta gwada gwanintar direba. Abin da yake gwada shi shi ne awa bayan awa na kwalta iri ɗaya, da zafin da ke tashi daga titi, da nauyin ido bayan azahar. Idan ya ce wasan bai san wannan ba, ka ce masa ya yi gaskiya, sannan ka miƙa masa sitiyarin ka ga yadda zai yi maka ribas.

Tambaya ta biyu, daga wani mai gyaran waya a Madina:

Malam, tunda kwamfutocin yanzu suna da ƙarfi, me ya hana a yi taswirar daidai wa daida, kilomita a bakin kilomita? Na ga wasan tuƙin jirgin sama ya ɗauko duniya gaba ɗaya, har gidanmu na hango a ciki.

Amsa:

Ɗan'uwa, abu biyu ne suka hana, na farko aiki, na biyu kuma haƙurin ɗan Adam, kuma a ganina na biyun ya fi nauyi.

Idan aka ce an rage tsawo ninki 19, an rage faɗi ma ninki 19, don haka filin da ake ginawa ya ragu ninki 361, wato 19 sau 19. Wannan fili kuwa da hannu ake ƙawata shi. Ma'aikata ne suke zama su duba hotunan wuri, su shimfiɗa titi, su dasa itatuwa, su kafa allunan hanya da harshen ƙasar da irin rubutunta, su gwada ko doguwar mota za ta iya shan kowace kwana. Ka dubi yadda taswirar ta girma a hankali: gabashin Turai a 2013, ƙasashen Sikandinebiya a 2015, faɗaɗa Faransa a 2016, Italiya a 2017, yankin tekun Baltik a 2018, hanyar Bahar Aswad a 2019, Sifen da Fotugal a 2021, yammacin Balkan a 2023, Girka a 2024. Idan a ma'aunin 1:19 kowane yanki yana cin shekara ko fiye, ka ninka wannan da kanka.

Wasan jirgin da kake nufi, Microsoft Flight Simulator na 2020, ya bi wata hanya dabam. Ya ɗauki hotunan tauraron ɗan'adam na taswirar Bing, ya bar kwamfuta ta tayar da gine-gine daga cikinsu, kuma bayanan sun kai kimanin gigabayit miliyan 2, shi ya sa ta intanet ake turo maka su sannu a hankali kana tafiya. Daga sama abin yana da ban sha'awa. Amma ka sauko da jirgin dab da titi ka duba, za ka tarar da gadar da ta narke ta manne da ƙasa, da itatuwan da suka tsiro inda bai kamata ba. Matuƙin jirgi yana kallon duniya daga dubban mita, direban tirela kuwa taku kaɗan ne tsakaninsa da bakin kwalta, kowane ƙaramin kuskure a idonsa yake.

Batun haƙuri kuwa, an taɓa gwadawa da gangan. A 1995 an shirya wani ƙaramin wasa mai suna Desert Bus, domin ba'a, wanda bai ma shiga kasuwa a lokacin ba. Za ka tuƙa bas daga Tucson a jihar Arizona zuwa Las Vegas a jihar Nebada, mil 360, wato kimanin kilomita 580, a gudun da ba ya wuce mil 45 a awa. Awa 8 cur ake yi, babu dakatarwa, babu fasinja, kuma motar tana ja zuwa dama a hankali ta yadda ba za ka saki sitiyari ka tafi shan shayi ba. Idan ka isa, maki 1 za a ba ka. Wasan ya yi suna ne saboda azabarsa, har tun daga 2007 wasu suke buga shi kowace shekara domin tara kuɗin sadaka, mutane suna biya don a ƙara musu awannin wahala.

Amma matsewa ita ma tana da iyaka, kuma kamfanin SCS da kansa ya taɓa wuce ta. Da ya fitar da American Truck Simulator a watan Fabrairu na 2016, da jihohin Kalifoniya da Nebada, ma'auninsa 1:35 ne. Hanyar Los Anjalas zuwa San Faransisko, wadda ta kai kimanin kilomita 615, ta koma ƙasa da kilomita 18, tafiyar minti 12. 'Yan wasa suka yi ta ƙorafi cewa Amurkar da aka san ta da dogayen hanyoyi ta zama kamar zagayen unguwa, kana fita daga wannan gari kana faɗawa wancan. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya sake shimfiɗa taswirar a kan 1:20, hanyoyi suka ƙaru da kashi 75 cikin 100, kuma a kan wannan ma'auni aka ci gaba da ƙara jihohi har aka kai Tekzas a 2022. Ni abin da na fahimta shi ne, adadin 19 ko 20 ba daga ilimin ƙasa aka samo shi ba, daga zaman mutum a kujera aka samo shi: doguwar tafiya ta isa ta sa ka ji ka yi nisa, amma ta ƙare kafin a kira ka cin abinci.

Idan duk da haka kana son ɗanɗana 1:1, akwai masu sha'awa da suka gina ƙananan yankuna a kan wannan ma'auni, musamman a Jamus, ana ɗora su a kan wasan. Za ka lura dukansu yanki ne ƙarami, kuma lissafin 361 ɗin nan ne ya sa.

Tambaya ta uku, daga wani matashi a Shari'u Mansur, Makka:

Malam, akwai taswirar Saudiyya a wasan? Idan babu, da za a yi, yaya za ta kasance?

Amsa:

A taswirar da kamfanin ya fitar da kansa babu Saudiyya, Turai ce a wasa ɗaya, Amurka a ɗayan. Sai dai wata ƙungiyar masu sa kai da ake kira ProMods ta yi ƙari wanda ya gangaro Gabas ta Tsakiya, har da Jodan da Lebanon. Ka kuma yi hattara da manhajojin waya da suke ɗaukar sunan wannan wasa suna cewa an sa musu hanyoyin Makka ko na Kano, domin kamfanin bai yi shi don waya ba. Akwai wasannin tirela na waya na wasu kamfanoni masu sunayensu, su kuma taswirarsu ta fi wannan matsewa nesa ba kusa ba.

Tambayarka ta biyu ta sa na ɗauki biro da takarda. Faɗin Saudiyya ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, kusan Jamus 6 ke nan, amma ina ganin za ta fi Jamus sauƙin ginawa, domin hamada tana karɓar matsewa. Ka cire kilomita 18 daga cikin 19 na rairayi, ba wanda zai ce ga abin da ya ɓata. Inda za a sha wuya shi ne nan yammaci, inda garuruwa suke kusa da juna. Jidda zuwa Makka bai kai kilomita 80 ba, a wasa kilomita 4 ke nan. A cikin wannan kilomita 4 dole a sa mafitar Jidda da gadojinta, da shingen bincike na Shumaisi, da allon da yake raba hanyar Musulmi da ta waɗanda ba Musulmi ba, da babbar ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a buɗe a kan abin ɗora shi. Kafin a gama waɗannan fili ya ƙare, garin Bahra kuwa sai dai a rubuta sunansa a allo a wuce. Mutanen Bahra za su yi fushi, kamar yadda mutanen ƙananan garuruwan Turai suke yi duk lokacin da sabuwar taswira ta fito babu su.

Cikin Makka kuwa, ra'ayina shi ne a bar shi a waje. A bi da motar ta hanyar kewaye, a hango hasumiyar agogo daga nesa, shi ke nan. Wannan ma shi ne abin da wasan yake yi wa tsakiyar manyan birane, kuma a nan ladabi ya zo daidai da dabara, domin ban ga alherin a ba yaro tirela ya riƙa karo da turaku a kusa da Harami ba, ko da a allo ne.

Hawan Ɗa'if shi ne zai zama abin tallar taswirar. Garin yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,800, kuma hanyar Hada mai kwane-kwane da birai a gefenta ita kowa zai so ya gani. Amma direbobin manyan motoci ta Sail suke hawa, inda miƙatin Ƙarnul Manazil yake, don haka mai zanen zai zaɓa tsakanin abin da ya fi kyau da abin da ya fi gaskiya. Akwai kuma matsalar da duwatsu suke kawowa: an rage tsawon hanya ninki 19, amma ba za a iya ƙara tsinin hawa ninki 19 ba, in ba haka ba babu motar da za ta hau. Dole a rage tsayin dutsen shi ma, a cike gurbin da hazo da kwazazzabai na ado har ido ya yarda cewa an yi sama.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce hanya mai lamba 10, tsakanin Harad da Baɗha a kan iyakar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda take da miƙe na kimanin kilomita 240 babu kwana, har ana lissafa ta a matsayin mafi tsawon miƙaƙƙiyar hanya a duniya. A wasa za ta zama kilomita 12 da ɗoriya, minti 8 da 'yan daƙiƙu. Ɗan wasa zai ce ya gaji da ita, direban da ya yi kusan awa 3 a kanta kuma zai ce ba ita ba ce.

Tambaya ta huɗu, daga wata uwa a Jidda:

Malam, ɗana ya shekara biyu yana wannan wasa, yanzu ya ce ya iya tirela, yana so mahaifinsa ya nema masa lasin manyan motoci. Wasan yana koya tuƙi da gaske?

Amsa:

Hajiya, yana koya wani abu, kuma ba zan rage masa ba. Yaron da ya daɗe a kansa ya san cewa a ribas idan aka juya sitiyari hagu bodi dama yake nufa, ya san a buɗe kafin a sha kwana, ya saba da duba madubi, ya kuma san mota mai lodi ba ta tsayawa nan take. Waɗannan duka suna cikin ɓangaren da ba a matse ba, wato motar kanta da 'yan mitocin da ke kewaye da ita, kuma za su rage masa kwanaki a makarantar tuƙi.

Abin da bai koya ba yana cikin ɓangaren da aka matse. A Tarayyar Turai doka ta ce direba ya huta minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma a ƙa'ida kada ya wuce awa 9 a rana. A Amurka awa 11 ne bayan hutun awa 10. An kafa waɗannan dokoki ne saboda gyangyaɗi yana kashe mutane. A wasan, awa 9 ɗin nan ba su kai minti 30 ba, kuma idan direban ciki ya fara hamma, sai a shiga wurin hutu a danna maɓalli ɗaya gari ya waye. Ɗanki bai taɓa jin taya ta fashe da tsakar rana a watan Yuli ba, bai taɓa shiga guguwar rairayi da ta rufe fitilar motar gabansa ba, bai taɓa ganin raƙumi a tsakiyar kwalta da dare ba. Tarar da wasan yake yankar masa idan ya wuce ƙa'idar gudu kuɗin allo ce, ta kyamarar Sahir mai kama masu wuce ƙa'ida a titunanmu kuwa riyal ne daga aljihun mahaifinsa.

Shawarata ita ce kada ki hana shi, kuma kada a yi gaggawar lasin. Ya fara da ƙaramar mota, ya bi makaranta kamar kowa. Kafin nan, idan a dangi akwai direban da yake zuwa Riyad kuma kamfaninsa ya yarda da ɗaukar mutum, a haɗa su tafiya ɗaya, zuwa da dawowa. Ya zauna a kujerar gefe, wayarsa tana cikin jaka, aikinsa kawai ya riƙa zuba wa direba shayi yana karanta masa allunan hanya. Idan sun dawo, ki tambayi direban a daidai wane gari barci ya ɗauke shi.